ICU da ɗakin wankin ƙoda na asibitin kuɗin da muka yi jinyar Yaya a Kano, abun da ya burge ni da abun da ya ƙona min rai

A garin nan da zarar an ce za a ɗora wane a injin wankin ƙoda shikenan mutane sun gama yanke masa hukunci, 'yan uwa su koma gefe ana ƙus-ƙus, wannan ya ce a sayar da fili wancan ya ce gara a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a tunda ai wanki in an fara ba a dainawa. To ba kowane ciwon ƙoda ne haka ba. Akwai wanda ya daɗe yana cin mutum shekara da shekaru, yawanci ta dalilin hawan jini ko suga, akwai kuma wanda ƙodar lafiyarta ƙalau jiya yau ta tsaya cak saboda wata babbar rashin lafiya da ta faɗo wa jiki, kuma wannan na biyun in Allah ya sa an faɗa hannun waɗanda suka san aikinsu sau da yawa ƙodar tana dawowa. Irinsa ne ya samu Yayana, shi ya sa nake so in faɗi yanda muka samu aikin wani asibitin kuɗi a nan Kano, ɓangaren ICU ɗinsu, wato ɗakin kulawa ta musamman ga waɗanda ciwo ya tsananta, da ɗakin wankin ƙoda. Ba zan kama sunan wurin ba don maganar akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba wanda ya biya ni kuɗin talla.

Yaya direban babbar mota ne, hanyar Kano zuwa Legas, kuma duk wanda ya san direbobi ya san su da ciwon baya. Diklofenak yake sha safe da yamma, in abun ya matsa ya tsaya a kemis a yi masa allurarsa ya wuce. Maganin nan yana cin bangon ciki kuma yana rage jinin da ke zuwa ƙoda, biyun duka sai da suka haɗu a kansa. Olsa ta huda cikin dare, aka yi masa tiyata a wani ƙaramin asibiti aka ɗinke wurin, aikin kansa ya yi kyau amma dattin da ya zuba a ciki ya riga ya sa ƙwayoyin cuta sun shiga jini, zazzaɓi ya ƙi sauka, awon hawan jini ya yi ƙasa sosai, jakar da ke jikin robar fitsari kuma tun safe har la'asar ɗan abun da ya taru a ciki bai taka kara ya karya ba, launinsa ma ya yi duhu. Likitan da ya yi tiyatar Allah ya saka masa da alheri bai tsaya jan lokaci ba, ya ce wannan ya fi ƙarfin wurinsa, ya kira waya ya samo gado a ICU ɗin da nake magana ya ce mu tafi yanzu.

Karɓar farko ba laifi. Kafin in gama cike kati sun shigar da shi sun jona masa na'urori, ba su ce sai na ajiye kuɗi kafin su taɓa shi ba, amma dai ko minti talatin ba a yi ba aka turo min yaro da takardar kuɗin ajiya, kuma kuɗin ba na wasa ba ne. Zan dawo kan maganar kuɗi don ita ce rabin ƙorafina.

Abun da ya fara kwantar min da hankali ba injin ba ne ba kuma sanyin AC ba, wata faffaɗar takarda ce da ke manne a ƙarshen gadon. Duk awa ɗaya nas za ta zo ta tsuguna ta juye fitsarin a wani ɗan mazubi mai layi-layi ta karanta ta rubuta, ta rubuta ruwan da ya shiga ta jijiya, har ruwan da aka narka allura da shi sai an lissafa, da safe a haɗa abun da ya shiga da abun da ya fita a ga bambanci. Ni da farko na ɗauka cika takarda ne kawai irin na asibiti, sai da wata Sista ta ga na ƙura wa takardar ido ta ce Malam zo in nuna maka. Ta ce ƙa'idar ita ce mutum ya yi aƙalla rabin mil na fitsari a kan kowane kilo na nauyinsa a awa ɗaya, wato mai kilo 70 kamar Yaya ana so a ga mil 35 duk awa, in ya yi awa 6 yana ƙasa da haka to an shiga matakin farko na tsayuwar ƙoda, in kuma awa 12 ta wuce ba ko ɗigo to an kai mataki na uku wanda shi ne mafi tsanani. Ta ce sai gwajin kiriyatinin, wani datti ne da tsoka ke fitarwa ƙoda ta tace, a lafiyayyen namiji yana wajen 60 zuwa 110 a ma'aunin da ɗakunan gwajinmu ke amfani da shi, in ya ƙaru da 26 cikin awa 48 ko ya ninka sau ɗaya da rabi cikin mako to ƙoda ta taɓu, in ya ninka sau uku ko ya haura 354 mataki na uku kenan. Wannan lissafin na wata ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta duniya ne mai suna KDIGO da ta fitar a 2012 kuma shi likitocin ƙoda ke bi ko'ina. Na Yaya ranar da muka zo ya riga ya wuce 400. Wallahi tun daga ranar na koma kullum da asuba takardar nan nake fara dubawa kafin in gaishe da kowa, kuma ban taɓa samun layin awa ɗaya a buɗe ba, har na ƙarfe uku na dare a cike yake da rubutun hannu daban-daban. Wanda ya yi jinya a wuraren da ake cike takardar dare gaba ɗaya da safe da ka zai gane abun da nake yabawa.

Babbar likitar ƙodar ba a nan take zaune ba, tana zuwa ne da yamma bayan ta tashi daga wani wurin, wannan ma abu ne da ya kamata a gaya wa mutum tun a bakin ƙofa amma ba wanda ya gaya mana sai da muka wuni muna tambaya ina likitan ƙoda. Amma da ta zo kam ta biya mu. Ta sa aka kawo na'urar sikanin har bakin gado, ta duba ko akwai toshewa a hanyar fitsari, babu, ta auna girman ƙodojin ta ce girmansu daidai ne ba su ƙanƙance ba, wanda alama ce ba tsohon ciwo ba ne. Sannan ta fito ta samu Hajiyarmu a kan benci ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce Hajiya ƙodar ɗanki ba mutuwa ta yi ba suma ta yi, aikinmu shi ne mu riƙe shi da rai mu kawar da duk abun da ke dukanta har ta farfaɗo, amma ba zan yi miki alƙawarin rana ba. Hajiya ta ce to 'yata Allah ya yi miki albarka. Bayanin da ta yi min ni kuma ya fi tsawo, ta ce abu uku ke tsayar da ƙoda, ko jini ya kasa isa gare ta kamar a zubar jini da amai da gudawa da faɗuwar jini, ko wata guba ko cuta ta taɓa naman ƙodar kanta, ko hanyar fita ta toshe, shi Yaya na farko da na biyu ne suka haɗu masa.

A daren ta soke magunguna daga takardar da muka zo da ita. Akwai jentamaisin a ciki, allurar kashe ƙwayoyin cuta ce mai arha da ake yawan yi bayan tiyatar ciki amma tana cutar da ƙoda, ta cire ta sa wani, ta daidaita adadin sauran gwargwadon abun da ƙodar za ta iya fitarwa, ta rubuta da jan biro a saman fayil kada a ba shi diklofenak ko ibufurofen ko danginsu ko da ya yi kukan ciwo. Maganar ƙarin ruwa ma na ga bambanci, mu a tunaninmu in fitsari ya ƙi zuwa sai a yi ta ɗura leda bayan leda har ya zo, Kawunmu ma sai da ya yi faɗa wai me ya sa ruwan ke ɗiga a hankali haka ko tsimi suke yi. Ashe in an cika tankin kuma ƙodar ba ta fitarwa ruwan huhu yake tafiya ya shaƙe mutum. Sun ba shi daidai abun da ya cike gibin da farko, da jinin ya ƙi hawa sai suka jona noradirenalin, maganin hawar da jini, ta wani ɗan famfo mai lissafi suna neman matsakaicin awon jinin ya tsaya a 65 ko sama, sun gwada Lasix, maganin sa fitsari, don su ga ko ƙodar za ta amsa, da ba ta amsa ba suka bari ba su yi ta lafta masa ba, likitar ta ce Lasix fitar da ruwa yake ba warkar da ƙoda ba.

Wurin da na fi ba su maki shi ne ba su yi gaggawar ɗora shi a inji ba. Asibitin kuɗi ne fa, injin na nan a ajiye, kowane wanki kuɗi ne a aljihunsu, kuma mu a lokacin da sun ce a yi da mun yi ba musu don ido ya raina fata. Gida ya rabu biyu, ɓangaren Kawu na cewa sakaci ne ga lamba tana hawa kullum an zuba ido, ɓangaren matar Yaya na cewa kar a yarda a taɓa shi da inji. Likitar ta ce ba hawan kiriyatinin kaɗai ke sa a yi wanki ba, abubuwan da take jira su ne in fotasiyam, wani gishiri na cikin jini, ya hau ya ƙi sauka da magani, ko jini ya yi tsami sosai, ko ruwa ya cika huhu numfashi ya gagara, ko dattin yuriya ya taɓa ƙwaƙwalwa ko jakar zuciya, ko kuma in guba ce aka sha wadda inji ke iya cirewa. Daga baya wani abokina da ke aikin asibiti ya nuna min cewa ba ra'ayinta kaɗai ba ne, an yi babban bincike a Faransa a 2016 mai suna AKIKI a kan marasa lafiyar ICU wajen 620, aka raba su biyu wasu a fara musu wanki da wuri wasu a jira sai dalili ya bayyana, yawan mutuwa bai bambanta ba, kuma kusan rabin waɗanda aka jira da su ba a ma ɗora su a injin ba. Wani da ya fi shi girma STARRT-AKI a 2020 mai mutum wajen 3,000 a ƙasashe 15 shi ma haka ya nuna, har ma waɗanda aka yi wa gaggawa suka fi yawan zama a kan inji bayan wata uku. To jira irin wannan yana da sharaɗi ɗaya, dole a riƙa auna jinin a kai a kai a samu sakamako da wuri, kuma a nan ne wurin ya ba ni kunya.

Wani dare aka ɗebi jini wajen isha'i, har sha ɗaya ba sakamako, ina zuwa ɗakin gwaji yaron da ke ciki ya ce wai sinadarin injin auna gishirin jini ya ƙare tun da rana sai gobe za a kawo. Tun da rana fa, kuma ba wanda ya ɗaga waya ya gaya wa ICU. Haka aka sake ɗiban wani jinin aka miƙo min kwalba a cikin safar hannu na fita titi tsakar dare ina neman ɗan sahu zuwa wani ɗakin gwaji mai kwana a buɗe, ina dawowa da takarda nas ta kalla ta ruga da gudu. Fotasiyam ya haura 6.5, alhali daidai ɗinsa 3.5 zuwa 5 ne, kuma shi wannan ba ya sallama, zuciya kawai yake tsayarwa. Wurin da ke karɓar kuɗin ICU irin wanda suke karɓa bai kamata a ce gwajin da rai ya rataya a kansa ya dogara da ko ƙanin mara lafiya zai samu abun hawa ƙarfe sha biyun dare ba, wannan ko sau nawa aka tambaye ni haka zan faɗa.

Abun da ya biyo baya kuma dole in yaba. Ƙaramin likitan da ke kwana ya yi awon zuciya nan take ya ga layin ya canza, ya tura kalsiyam ta jijiya don ya kare zuciyar, ya haɗa insulin da gulukos wanda ke tura fotasiyam ɗin cikin ƙwayoyin jiki na ɗan lokaci, aka sa masa salbutamol ta abun shaƙa, nas na ta huda yatsa tana duba suga kar ya faɗi, duk wannan yana yi waya na maƙale a kunnensa da babbar likitar. Ta ce waɗannan duk sayen lokaci ne na 'yan awanni don ba su fitar da komai daga jiki ba, ga shi numfashinsa ya fara nauyi ƙafafu sun kumbura, yanzu kam dalili ya cika a shirya inji. Kuma ta taso ta zo da kanta kafin asuba.

Sai kashiya. Innalillahi. Sai an biya kuɗin wanki, da na robar da za a sa a jijiya, da na gwajin HIV da ciwon hanta nau'in B da C wanda dole ne kafin a jona kowa a inji, kowanne takardarsa daban. POS ba netwok, na yi tiransfa kuɗi sun fita daga wurina alat bai shiga wurinsu ba, mutumin ya ce shi ba zai buga rasit ba sai ya gani da idonsa, ina nuna masa wayata yana nuna min tasa. Sai da shugabar nas-nas ta dare ta sauko da kanta ta ce Malam rubuta sunana a kai in kuɗin bai shigo ba a cire a albashina, sannan ya saki takarda. Ita ta burge ni, tsarin bai burge ni ba, don mun riga mun ajiye kuɗi masu yawa a asusunsu tun ranar farko, me zai hana a cira daga ciki a yi lissafi da safe.

Ɗakin wankin yana wani gini daban, ICU ɗin ba a ja masa bututun tataccen ruwa ba, don haka mutumin da ke kan oksijin da famfon maganin hawar da jini sai an turo shi a gado ta baranda ana jan tukunyar oksijin a gefe. Ba su da injin nan mai yin wanki a hankali awa 24 ba tsayawa da ake kira CRRT, wanda shi aka fi so ga wanda jininsa ke ƙasa, sun faɗa min gaskiya ba su da shi kuma ko da akwai kuɗin kayansa na kwana ɗaya sai ya kayar da mu. Abun da suka yi shi ne dabara da injin da ke akwai. An sa robar a babbar jijiyar matsematsi, na farko gajere aka yi wajen awa biyu kuma a hankali, don in aka kwashe yuriya da sauri a karon farko ruwa na iya shiga ƙwaƙwalwa ta kumbura mutum ya yi ta amai ko jijjiga. Na bayan kuma suka ja su suka yi tsawo fiye da awa huɗun da aka saba, suna rage gudun injin don kar jini ya faɗi. Saboda sabon ɗinki a cikinsa ba su sa hefarin mai tsinka jini ba, sai dai nas ta riƙa wanke layin da ruwan gishiri lokaci-lokaci tana duba matatar kar ta daskare. Sau ɗaya jininsa ya faɗi ana tsaka da yi, kafin in gama salati ta rage jan ruwan ta kwantar da kan gadon ta tura ɗan ruwa, ya dawo. Nas ɗin ɗakin nan ba ta zauna ba tun da aka jona har aka cire, wayarta ma a aljihu take.

Tsafta ba ni da ta cewa. A gabana ake yage ledar sabuwar matata da sababbin layuka, injin masu ciwon hanta nau'in B yana can gefe shi kaɗai da alama a jikinsa. Mai kula da injinan ya leƙa da ni ɗakin tace ruwa, ya ce wanki ɗaya na awa huɗu yana cin ruwa wajen lita 120 kuma duk sai an tace shi tas don tsakaninsa da jinin mutum 'yar siririyar fata ce kawai. NEPA sun ɗauke wuta muna ciki, injin ya yi ƙara batirinsa ya riƙe, janareta ya tashi kafin in ƙirga ashirin.

A zaman benci na ga ba mu kaɗai ba ne. Akwai mai jego da ta zubar da jini wurin haihuwa, akwai saurayi da amai da gudawa suka ƙarar da ruwan jikinsa kafin a kawo shi, akwai wani manomi da kububuwa ta sara aka tsaya maganin gida har fitsari ya ɗauke. Duk ƙodarsu lafiya lau take kafin abun ya faru. Masu jinyarsu da mu duk a baranda ɗaya muke kwana a kan tabarma sauro na cin mu, banɗaki ɗaya ne maza da mata kuma rabin lokaci ba ruwa, ga mai gadi da ke jin kansa kamar shi ya gina wurin. Shiga ICU mutum ɗaya ne na 'yan mintuna safe da yamma, wannan na yarda da shi don kare marasa lafiya ne, abun da ban yarda da shi ba shi ne in babbar likitar ba ta nan duk wanda ka tambaya sai ya ce muna kan ƙoƙari a ci gaba da addu'a. Addu'a muna yi, lambar muke so a gaya mana ta hau ko ta sauka.

Da aka yarda ya fara shan abu ta baki wata rigimar ta taso, 'yan dubiya kowa da ledarsa, dabino, ayaba, lemu, ruwan kwakwa, duk kuwa fotasiyam ne cike da su, wata gwaggonmu har da jiƙon saiwoyi a gora wai na wankin ƙoda ne. Sista ta tsaya a ƙofa ta mayar da su cikin ladabi, jiƙon kam ta ce ko kusa. Amma da Hajiya ta kawo zamzam da rubutu ba ta hana ba, ta ce Mama kawo, ta ɗauko sirinji ta auna abun da zai sha ta ba shi ta rubuta a takardar nan a layin abun da ya shiga, ta rage daga ruwan da aka ƙayyade masa na ranar. Hajiya har yau in ana hira sai ta sa mata albarka.

Kuɗi kam mun ji jiki, sai da motar hawan Yaya ta tafi. Wankin kansa ba shi ya fi cin kuɗi ba, kuɗin gadon ICU na kullum da oksijin da magungunan kashe ƙwayoyin cuta da gwajin jini na safe da yamma su suka kwashe mu. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na koyarwa na Maiduguri da na tarayya da ke Azare, amma wannan bai shafi asibitin kuɗi ba, kar wani ya zo da wannan lissafin a ka. Takardar kuɗin da suka ba mu a dunƙule take, an rubuta kayan aiki an sa lamba mai kauri, sai da na nace aka fasa min ita ɗaya bayan ɗaya, a ciki na ga an caje mu gwajin daren nan da ni na kai waje na biya da kuɗina. Sun cire ba gardama, amma da ban duba ba fa.

Bayan an yi masa wanki 'yan kaɗan fitsari ya fara dawowa, da farko kaɗan-kaɗan sai kuma ya ɓalle, jaka na cika ana juyewa, lita uku har huɗu a rana. Mu muna ta murna Kawu har ya fara maganar sallama, likitar ta ce a'a wannan matakin ma yana da haɗarinsa, ƙodar ta fara fitar da ruwa amma ba ta gama koyon riƙewa ba, yanzu kuma bushewa ake tsoro da faɗuwar fotasiyam ɗin da a baya ake yaƙi da hawansa, sai ga shi abun da aka hana shi jiya yau ana ƙara masa. Suka ci gaba da awon nan na kowace awa, kiriyatinin ya riƙa sauka da kansa ba inji, ta sa aka zare robar matsematsin da wuri don in ta daɗe ita kanta hanyar shigar cuta ce, aka zare ta fitsarin ma, aka mayar da shi ɗakin marasa lafiya na gama-gari.

Wanda nasa ya shiga irin wannan halin kuma yana da ƙarfin aljihu ko dangin da za su haɗa, zan ce ya je don nas-nas ɗin da likitar, amma ya tafi da tsabar kuɗi a hannu saboda dare, ya ajiye mutum ɗaya mai ƙafa da abun hawa wanda ba zai kashe waya ba, kuma tun ranar farko ya tambaya ƙarara ko injin gwajin gishirin jininsu na aiki da dare. Wanda kuma ciwon nasa tsoho ne da zai riƙa wanki sau biyu ko uku duk mako, nan ba wurinsa ba ne, kuɗin zai karya shi cikin wata guda.

Ranar sallama takardar da suka miƙo mana layi huɗu ce, sunan ciwo da magunguna, ba lambar kiriyatinin ta ƙarshe, ba jerin magungunan da aka hana shi, ba ranar dawowa. Ga mutumin da zai koma hanya yana tsayawa a kemis ɗin garuruwa wannan ba ƙaramin gibi ba ne, don wanda ƙodarsa ta taɓa tsayawa ko ta dawo yana cikin haɗarin ta sake ko ta rikiɗe ta zama ciwo na dindindin, shi ya sa ƙa'ida ta ce a sake auna jini da fitsari da hawan jini bayan wata 3. Sai da na jira likitar har magariba ta karɓi takardar ta juya bayanta ta rubuta duka da hannunta ta buga hatimi, na yi hotonta na tura wa matar Yaya da yaron motarsa, na kai asalin aka manna mata leda. Ranar asibitin ƙoda kuma suka ce sai mun kira mun ji yaushe za ta samu zuwa, lambar da suka ba mu ta ofishin kati ce, kuma ba kasafai ake ɗauka ba sai bayan azahar.